Garkuwar da Ke Buɗewa: Abin da Kumbuna Suka Gano Tsakanin Rana da Duniya

A ƙarshen watan Janairun 1958 Amurka ta harba Explorer 1, tauraron ɗan'adam ɗinta na farko, kusan wata huɗu bayan Tarayyar Sobiyet ta riga ta da Sputnik. A cikinsa akwai wata 'yar na'ura da James Van Allen da ɗalibansa na Jami'ar Iowa suka haɗa, aikinta ƙidaya ƙwayoyi masu cajin lantarki da ke ratsa ta. Idan tauraron yana ƙasa-ƙasa, ƙidaya tana tafiya yadda aka zata, wajen talatin a kowane sakan. Da ya lula sama sosai, sai na'urar ta yi tsit, ta nuna sifili. A watan Maris aka harba Explorer 3, wanda aka sa wa rikoda mai naɗar bayanan zagaye guda cif. A nan aka ga yadda abin yake: ƙidaya tana hawa da sauri, ta kai iyakar abin da na'urar ke iya lissafawa, ta faɗo sifili, bayan ɗan lokaci kuma ta dawo. Sai su Van Allen suka ɗauko irin bututun ƙidayar da ke cikin na'urar a ɗakin gwaji, suka ajiye shi gaban injin ɗaukar hoton ƙashi, suka ƙara masa ƙarfi. Shi ma ya yi shiru. Ashe yawa ne ya toshe wa na'urar baki. Tauraron yana ratsa wata ɗamara ce ta ƙwayoyi masu tsananin ƙarfi da maganaɗisun Duniya ya kama ya riƙe, wadda har yau ake kira ɗamarar Van Allen.

Maganaɗisun kansa ba sabon labari ba ne, masu tafiya a teku sun yi ƙarnoni suna bin allurar kamfas. Asalinsa yana can ƙarƙashin ƙafafunmu, kimanin kilomita 2,900, inda narkakken ƙarfe ke motsi yana juyawa tare da Duniya, motsin kuma yana haifar da lantarki, lantarkin yana haifar da maganaɗisu. Abin da ba a sani ba kafin zamanin kumbo shi ne inda ikon wannan maganaɗisu ya tsaya a sama, da abin da ya tsayar da shi.

A shekarar ta 1958 wani matashin masani a Jami'ar Chicago, Eugene Parker, ya yi lissafi ya ce rawanin Rana, wato siririn sararin da ke kewaye da ita mai zafin digiri sama da miliyan ɗaya, ba zai iya zama wuri ɗaya ba. Dole ya riƙa kwarara waje babu tsayawa, ta kowace fuska. Masu tantance maƙala sun ƙi amincewa da aikin, sai editan mujallar, Subrahmanyan Chandrasekhar, ya duba bai ga kuskure a lissafin ba, ya buga. Kumbon Luna na Sobiyet ya fara jin alamun wannan kwarara a 1959, sannan Mariner 2 na Amurka ya yi watanni yana auna ta a kan hanyarsa ta zuwa duniyar Venus a 1962. Gardama ta ƙare. Wannan ita ce iskar Rana: furoton da elektron, ƙananan ƙwayoyi masu cajin lantarki, da suka rabu da juna saboda zafi, suna gudu kilomita 400 a sakan a ranakun da babu tashin hankali, wani lokaci har 800. Ba ta da kauri ko kaɗan, idan ta iso nan ƙwayoyi ƙalilan ne a cikin sarari mai girman kan yatsa. Amma tana jawo maganaɗisun Rana tare da ita, kuma duk rikicin da za mu yi magana a kai daga wannan yake fitowa.

Idan iskar ta iso, maganaɗisun Duniya yakan tare ta. A ɓangaren da ke fuskantar Rana tana matse shi, iyakar takan tsaya wajen kilomita 64,000 daga tsakiyar Duniya. Gaba da iyakar kaɗan akwai inda iskar ke cin birki ba shiri, ta yi zafi, ta karkata ta bi gefe. A ɓangaren dare kuwa jan shi take yi, ya miƙe ya zama doguwar wutsiya da ta wuce nisan Wata nesa ba kusa ba. Wannan fili duka, daga goshinsa zuwa wutsiyarsa, shi ne farfajiyar maganaɗisun Duniya. Iyakokinsa ba sa tsayawa cik. Idan iska ta yi ƙarfi, goshin kan matso ciki har ya bar taurarin sadarwa da ke kilomita 35,786 a waje, suna fuskantar iskar kai tsaye.

Yawancin bayanan da ake yi wa jama'a a nan suke tsayawa: Duniya tana da garkuwa, garkuwar tana kare mu, shi ke nan. A ganina wannan rabin magana ce, kuma rabin da aka bari shi ne mai amfani. Da garkuwar a rufe take ruf, da babu hasken orora da ke rawa a saman ƙasashen da ke kusa da ƙuryar arewa da ta kudu, da babu guguwar maganaɗisu da ke ƙona taransifoma. Akwai hanyar da ƙarfin Rana ke bi ya shigo. Wani Baturen Ingila, James Dungey, shi ya zana ta a 1961, tun babu kumbon da zai iya gwada maganarsa.

Ga yadda ya ce. A goshin farfajiyar, layukan maganaɗisun Duniya, wato hanyoyin da allurar kamfas ke nunawa, arewa suke kallo. Maganaɗisun da iskar Rana ke ɗauke da shi kuwa ba shi da alƙibla ɗaya, yanzu ya kalli arewa, an jima ya kalli kudu ko gefe. Idan ya zo yana kallon arewa, layukan biyu suna tafiya hanya ɗaya, sai iskar ta zame ta wuce, abin da ke shiga kaɗan ne. Idan ya zo yana kallon kudu, layukan sun zama kishiyoyi, sun haɗu gaba da gaba. A wani ɗan siririn wuri sai su tsinke, kowane guntu ya ƙullu da guntun ɗaya ɓangaren. Layin da a da ya fito daga Duniya ya koma Duniya, yanzu kansa ɗaya yana Duniya, ɗayan yana cikin iskar Rana. Iskar ta ja shi ta saman ƙuryar arewa ko ta kudu, ta kai shi baya ta jibge a wutsiya. Haka layuka ke ta taruwa, wutsiya tana cika tana matsuwa, har ita ma ta kai inda layukanta za su tsinke su sake ƙulluwa. Wani ɓangare ya fice ya bi iska, wani ya zabura ya dawo wajen Duniya ɗauke da ƙwayoyi masu zafi. Waɗannan, da waɗanda suka ingiza, su ke gangarawa ta layukan maganaɗisu su bugi iskar sama a nisan kilomita 100 zuwa sama, iskar oksijin ta ba da kore a ƙasa-ƙasa, ja a can sama.

Wato guguwa biyu masu gudu ɗaya da nauyi ɗaya na iya bugun Duniya, ɗaya ta wuce ba a ji ta sosai ba, ɗaya ta kashe wutar lardi guda. Bambancinsu alƙiblar maganaɗisun da ke ciki, da tsawon sa'o'in da ya yi yana kallon kudu.

Faɗar wannan a takarda abu ne mai sauƙi. Ganinsa a sarari ya ci shekara hamsin da wani abu, kuma dalilin jinkirin ya cancanci a tsaya a kansa. Kumbo ɗaya wuri ɗaya yake aunawa a lokaci ɗaya. A ce na'urarsa ta nuna maganaɗisu ya juya cikin sakan goma. Me ya faru? Ko kumbon ne ya ratsa wata iyaka da ke tsaye, ko iyakar ce ta taso ta wuce ta kansa, ko kuwa duk yankin ne ya canja a lokaci guda. Bayanan iri ɗaya za su fito a duka ukun. Ba a san kaurin iyakar ba sai an san gudunta, ba a san gudunta ba sai an ga lokacin da ta isa wuri na biyu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da kumbo biyu ana samun gudu ta fuska ɗaya. Don a sami siffar abin ta tsawo da faɗi da zurfi, ana bukatar huɗu, uku a ƙasa ɗaya a samansu, kowanne yana ganin abin a nasa lokacin.

Hukumar sararin samaniya ta Turai ce ta fara gina irin wannan tawaga, ta sa mata suna Cluster. A ranar 4 ga Yunin 1996 aka ɗora kumbunan huɗu a kan rokar Ariane 5, wadda ranar ce tashinta na farko. Ba ta kai minti ɗaya a sama ba ta kauce hanya ta tarwatse. Bincike ya nuna manhajar da aka ɗauko daga tsohuwar roka ce ta ci karo da wata lamba da ta fi ƙarfin ma'ajiyarta. Aikin shekaru ya zube a fadamar da ke kusa da Kourou a Kudancin Amurka, inda aka harba rokar. Aka sake ƙera wasu huɗu, aka harba su biyu-biyu daga Baikonur a Kazakistan, a Yuli da Agustan 2000, aka raɗa musu sunayen raye-raye: Rumba, Salsa, Samba da Tango. Shekara biyu aka tsara za su yi, suka yi 24. Su ne suka nuna a fili cewa ko iskar ta zo tana kallon arewa ba a tsira gaba ɗaya ba, domin a gefunan farfajiyar iyakar takan naɗe ta yi manyan gurguzu masu juyawa, ƙwayoyin Rana su sulale ciki ta nan. An sauko da Salsa ta ƙone a saman kudancin tekun Pasifik ranar 8 ga Satumban 2024.

Tambaya ta gaba ta wutsiya ce. Masana sun daɗe suna jayayya a kan inda fashewar ke farawa a daren da orora ta yi shiru sannan ta ɓarke ta cika sama. Wasu suka ce a kusa da Duniya ne, wutar da ke gudana a can ce ke yankewa, labarin ya tafi baya. Wasu suka ce a'a, can nesa layuka ke tsinkewa, labarin ya taho gaba. Hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba kumbuna biyar na shirin THEMIS a Fabrairun 2007, aka tsara hanyoyinsu yadda duk bayan kwana huɗu za su jeru a layi ɗaya cikin wutsiyar, a ƙasa kuma aka baza kyamarori a Kanada da Alaska suna kallon sama. A ranar 26 ga Fabrairun 2008 abin ya faɗo musu a hannu. Kumbunan nesa ne suka fara ganin alamar tsinkewa, a wajen sulusin tafiya zuwa Wata. Bayan kimanin minti ɗaya da rabi orora ta haskaka, daga baya na kusa suka ji nasu. Wannan ya ba masu ra'ayi na biyu ƙarfi sosai, ko da yake dare ɗaya ba ya yanke hukuncin dukan darare, kuma har yanzu ana kawo misalan da ba su bi wannan jeri ba.

Sauran wurin da ya fi wuya, wato ainihin inda layin ke tsinkewa. Farfajiyar tana da faɗin dubban ɗaruruwan kilomita, amma wurin da elektron ke sakin layin maganaɗisu bai wuce 'yan kilomita ba, kuma yana yawo. Kumbo kan ratsa shi cikin ƙiftawar ido, na'urorin da ake da su a da kuma sukan ɗauki sakanni kafin su kammala awo ɗaya. Saboda haka aka ƙera MMS, kumbuna huɗu iri ɗaya da aka harba a Maris ɗin 2015. Kowanne yana auna elektron ta kowace fuska sau talatin da wani abu a sakan ɗaya, ninki ɗari na abin da aka saba. An matso da su kusa da juna har tazarar ta sauko kilomita 10, daga baya wajen 7, alhali suna tsala gudun dubban kilomita a sa'a. Don su san inda suke, siginar GPS suke kamawa daga can saman taurarin GPS ɗin kansu, abin da ya sa suka kafa tarihin amfani da GPS a wuri mafi nisa. A ranar 16 ga Oktoban 2015 suka faɗa tsakiyar wurin a goshin farfajiyar. Suka ga maganaɗisu ya kusa ɓacewa, lantarki ya yi tsalle, elektron suna yin wata 'yar kwana mai siffar jinjirin wata suna tsallakawa daga layi zuwa layi. Dungey ya rasu a watan Mayun shekarar, wata biyar kafin wannan rana.

Ita ma ɗamarar da aka fara da ita an koma mata. Biyu aka sani: ta ciki mai yawan furoton, wadda ba ta cika canjawa ba, da ta waje mai elektron, wadda kan kumbura ta sace cikin kwanaki. Tagwayen kumbunan Van Allen da aka harba ranar 30 ga Agustan 2012 ba su yi mako guda da kunna na'urori ba suka ga ɗamara ta uku ta bayyana, ta zauna kusan mako huɗu, wata girgiza daga Rana ta zo ta share ta. Sun kuma nuna cewa elektron mafiya haɗari ba duka daga waje suke zuwa da ƙarfinsu ba, a cikin ɗamarar ake ƙara musu shi, ta hanyar wasu igiyoyin rediyo na halitta da ke ingiza su. Wannan ya shafi masu ƙera taurarin ɗan'adam kai tsaye, domin irin waɗannan elektron kan huda jikin tauraro su taru a ciki har su yi tartsatsi.

A nan ne ake ganin dalilin da ya sa gwamnatoci ke zuba kuɗi. A farkon Satumban 1859 masanin taurari Richard Carrington yana zana tabon Rana a Ingila ya ga wani farin haske ya tashi, ƙasa da sa'a 18 bayan haka wayoyin tangaraho a Turai da Amurka suka riƙa tartsatsi. A lokacin abin da guguwa za ta lalata bai wuce waya ba. A ranar 13 ga Maris 1989, da tsakar dare, wutar lardin Kuibek na Kanada ta ɗauke cikin kimanin sakan 90, mutum miliyan shida suka zauna a duhu wajen sa'a tara. Yadda abin ke faruwa shi ne, idan maganaɗisu yana kaɗawa a sama, yakan haifar da lantarki a cikin ƙasa. Ƙasar Kuibek tsohon dutse ce da ba ta barin wuta ta bi ta cikinta da sauƙi, sai wutar ta hau dogayen wayoyi ta shiga taransifoma. A Fabrairun 2022 kamfanin SpaceX ya harba taurarin Starlink 49, wata guguwa da ba ta ma kai a kira ta babba ba ta ɗumama iskar sama ta kumbura, 38 daga cikinsu suka kasa hawa suka faɗo suka ƙone. A ranakun 10 da 11 ga Mayun 2024 aka sami guguwa mafi ƙarfi tun 2003, aka ga orora har a Meksiko, manoma a tsakiyar Amurka suka ajiye taraktocinsu masu bin GPS ana tsakiyar shuka saboda layin ya daina fita daidai. Akwai kuma wadda ta kuskure mu: a ranar 23 ga Yulin 2012 Rana ta amayar da wani curin ƙwayoyi da maganaɗisu, aman da ya bugi kumbon STEREO-A, wanda masana da dama suka sa a sahun na 1859. Duniya ba ta kan hanyarsa a ranar.

Wani abu da ake yawan faɗa da tabbacin da ya wuce hujja shi ne cewa ba don maganaɗisu ba da iskar da muke shaƙa ta ƙare. Ana kafa misali da duniyar Mars, wadda maganaɗisunta ya mutu tuntuni, kuma kumbon MAVEN ya auna yadda iskar Rana ke kankare iskarta. Gaskiya ne. Sai dai Venus ma ba ta da nata maganaɗisun na ciki, ga ta kuma da iska mai nauyin ninki casa'in na tamu. Ita ma Duniya tana zubar da oksijin ta ƙuryoyinta biyu, ta hanyar buɗaɗɗun layukan nan na Dungey. Nauyin duniya da ƙarfin janta suna cikin lissafin, kuma har yanzu ana kan auna rabon kowanne.

Duk da wannan ilimi, hasashe bai kai inda ake so ba, kuma matsalar ta koma kan alƙibla. Hasken walƙiyar Rana yana isowa cikin minti takwas da 'yan sakanni, babu gargaɗin da zai riga shi. Curin da Rana ke amayarwa kuwa yakan yi kwana ɗaya zuwa huɗu a hanya, kuma kumbon SOHO da ke aiki tun 1995 yana ɗaukar hotonsa tun yana tashi, a ƙiyasta gudunsa da lokacin isowarsa, da kuskuren sa'o'i. Amma hoto ba ya nuna ko maganaɗisun cikinsa kudu yake kallo ko arewa. Sai ya taɓa na'ura. Na'urorin kuwa, irin su ACE na 1997 da DSCOVR na 2015, ana ajiye su ne a wani wuri mai nisan kilomita miliyan 1.5 daga nan, inda jan Rana da na Duniya ke ba kumbo damar tafiya tare da mu. Rana tana nisan kilomita miliyan 150. Wato sai curin ya cinye kashi 99 cikin ɗari na tafiyarsa ake sanin halinsa. Iska mai gudun kilomita 400 a sakan tana ba da kusan sa'a guda. Mai gudun 2,000, wadda ita ce abin tsoro, ba ta ba da ko minti goma sha biyar. Da wannan ɗan lokaci masu kula da wutar lantarki za su rage kaya a kan layuka, masu taurari su kashe abin da za su iya kashewa.

Shi ya sa binciken ya matsa zuwa tushen. Kumbon Parker da aka harba ranar 12 ga Agustan 2018, Eugene Parker yana tsaye yana kallo yana da shekara 91, ya shiga cikin rawanin Rana a 2021. A ranar 24 ga Disamban 2024 ya wuce kilomita miliyan 6.1 daga fuskarta, yana gudun kusan kilomita 690,000 a sa'a, a bayan wani faifan gawayi mai kaurin santimita 11 da ɗoriya. Ya tarar da maganaɗisun iskar yana yin kwana kwatsam ya koma baya ya sake miƙewa, sau da yawa fiye da yadda aka zata. Turai na da Solar Orbiter tun 2020, wanda ke karkata hanyarsa don ya leƙa ƙuryoyin Rana. Tana kuma shirya wani mai suna Vigil, da ake sa ran harbawa a farkon shekarun 2030, wanda zai tsaya a gefe, digiri 60 a bayan Duniya a kan hanyarta. Daga can zai ga ɓangaren Rana da zai juyo gare mu bayan 'yan kwanaki, ya kuma kalli curin daga gefe yana tahowa, inda gudunsa ya fi auno daidai. Wannan zai gyara lissafin lokacin isowa. Alƙiblar maganaɗisun da ke cikin curin kuwa, sai an koyi karanta ta daga yadda layukan suka murɗe a fuskar Rana kafin su tashi, da yadda suke juyawa a hanya, kuma a kan wannan ake aiki yanzu.